Farfaɗo da tsohuwar Fijo 504: A bar ta da kwantak ko a sa mata na'urar laturoni?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗawainiyar farfaɗo da tsohuwar mota ya san cewa aikin da ido ke gani shi ne ke fara cin kuɗi. Mai gyaran jiki ya daddaki ƙarfe ya kankare tsatsa, mai fenti ya dawo da launin asali, mai ɗinki ya sabunta kujeru, motar ta fito daga garejin Apo tana ƙyalli kamar ranar da ta bar masana'anta. Bayan mako biyu ko uku sai ainihin jarrabawar ta zo. A murɗa makulli da sassafe inji ya yi ta gurnani bai tashi ba, ko ya tashi yana tari, ko kuma ya riƙa shaƙewa duk lokacin da aka taka totur a babban titin Kubwa.

A nan ne bakanike zai ɗaga bonet ya nuna wata 'yar tukunya mai wayoyi biyar a gefen inji, wato distiributa, ya kawo maganar da ta daɗe tana raba kan masu tsofaffin motoci: a bar ta da kwantak kamar yadda aka ƙera ta, ko a cire shi a sa na'urar laturoni. Kuɗin wannan aiki bai kai na fenti ba, amma shi ke yanke hukunci kan ko motar za ta zama abin hawa ko ta tsaya a matsayin abin kallo a ƙofar gida. Kuskure a cikinsa kuma na iya cinye fistin ɗin da aka kashe albashin watanni wajen saye.

Motar da ta san ofisoshin gwamnati

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 ta lashe kambun motar shekara ta Turai. Ƙarfin ƙafafunta a kan munanan hanyoyi ya sa ta samu gida na biyu a Afirka, musamman bayan da ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa ta, yayin da kamfanin Volkswagen ke harhaɗa Beetle a Legas.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage alfarma a tsakanin jami'ai, inda 504 ta zama motar manya da ƙananan ofisoshi baki ɗaya. Babban sakatare da darakta da direban ma'aikata duk sun san ƙarar injinta. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. Manufar mayar da alawus na ma'aikata zuwa kuɗi da aka fara a 2003 ta sa motocin gwamnati da dama sun koma hannun ɗaiɗaikun ma'aikata.

Wannan ne ya sa a yau ake samun wanda ya gaji Fijo daga mahaifinsa, ko wanda ritaya ta ƙarato masa yake neman irin motar da ya fara aiki da ita. Yawancin waɗannan motoci suna ɗauke da injin fetur mai silinda huɗu, ko dai mai girman sisi 1,796 ko mai 1,971, da kafireta, da kuma distiributa ta kamfanin Ducellier ko SEV Marchal. Wanda tasa mai shan dizal ce ba shi da wannan matsala, domin injin dizal ba ya amfani da filogi wajen kunna mai.

Yadda wutar ke tafiya

Tsarin kwantak tsohon hannu ne. Wani injiniya ɗan Amurka, Charles Kettering, shi ya daidaita shi a wajajen 1910 domin motocin Cadillac, kuma ya riƙe duniyar motoci na kimanin shekara sittin kafin kamfanoni irin su Chrysler da General Motors su koma tsarin laturoni a shekarun 1970.

Aikinsa ba shi da sarƙaƙiya. Batir yana bayar da wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda ba ta isa ta tsallaka tazarar bakin filogi ba. Kwil ne ke ɗaga ta zuwa dubban bolt. Muddin bakin kwantak yana rufe, wuta na ratsa kwil tana tara ƙarfin maganaɗisu a cikinsa. Da zarar sandar distiributa mai kusurwa huɗu ta juyo ta buɗe bakin, sai wannan ƙarfi ya rushe nan take, ya haifar da wuta mai tsanani. Rota ta ɗauke ta ta miƙa wa filogin da lokacinsa ya yi, bisa jerin 1, 3, 4, 2. Ita kuwa kwandansa aikinta shi ne ta shanye tartsatsin da zai ƙona bakin kwantak a lokacin da yake buɗewa.

Injin mai silinda huɗu yana buƙatar tartsatsi biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti, wato irin gudun da ake yi a babbar hanya, kwantak zai buɗe ya rufe sau 100 a kowace daƙiƙa. Tafiyar awa biyu kacal tana nufin buɗewa da rufewa sau 720,000. Ƙarfe biyu ne ƙanana da ɗan guntun roba mai gogar sanda ke ɗauke da wannan nauyi.

Akwai kuma aiki na biyu da distiributa ke yi, wanda masu motoci da yawa ba su san da shi ba. Cakuɗen fetur da iska yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya gama ci, saboda haka dole tartsatsi ya zo kafin fistin ya kai ƙololuwa, kuma gwargwadon gudun inji gwargwadon yadda zai yi sammako. A cikin cikin distiributa akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin ke riƙe da su, waɗanda ke buɗewa idan gudu ya ƙaru su gabatar da lokacin wuta. A gefenta kuma akwai wani ɗan gwangwani mai tantanin roba da ke aiki da zuƙar iskar kafireta, yana ƙara gabatar da wutar idan mota na tafiya ba tare da nauyi ba, abin da ke rage shan mai. Kowane inji yana da nasa tsarin wannan gabatarwa, kuma lambar da aka buga a jikin distiributa ita ke nuna wanda aka yi ta dominsa.

Inda tsufa ke shiga

Kwantak yana lalacewa ne sannu a hankali. Robar da ke gogar sanda tana cinyewa, tazarar da ya kamata ta tsaya a kusan milimita 0.4 tana ƙuntata, lokacin wuta yana ja da baya. Inji ya rasa ƙarfi, ya ƙara zafi, ya ƙara shan mai, direba kuwa bai lura ba domin kullum kaɗan ake ragewa. Saboda haka aka saba duba shi a gyara tazararsa bayan kusan kowace tafiyar kilomita 10,000. A zamanin da kowace ma'aikata ke da garejinta da kanikawanta, wannan aikin minti ashirin ne. A yau matasan kanikawa da yawa sun tashi ne da motocin da ake jona wa kwamfuta, kuma ba kowa ne a cikinsu ya taɓa riƙe ma'aunin tazara ba.

Matsala ta biyu ita ce ingancin kaya. Tun da manyan kamfanoni suka daina ƙera motoci masu kwantak, kasuwar kayan ta koma hannun ƙananan masana'antu, kuma kwalin da ke ɗauke da sanannen suna ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Kwandansa ce ta fi shan wannan suka a wurin masu tsofaffin motoci a ƙasashe da dama. Marar kyau tana aiki lafiya da sanyin safiya, ta gaza idan inji ya ɗauki zafi, ta kuma dawo daidai bayan an huta a bakin hanya. Irin wannan ciwo mai zuwa yana tafiya ya sa an sha sauke kafireta mai lafiya ana wankewa a banza.

Hanyoyin da ke gaban mai mota

Hanya ta farko ita ce a bar komai yadda yake, a nemo kwantak da kwandansa masu kyau, a gyara su bisa ƙa'ida. Ita ce mafi arha, kuma ita ce ke barin motar a kan asalinta. Injin da kwantak ɗinsa sabo ne kuma an daidaita shi sosai ba ya kasa wanda aka sa wa laturoni ƙarfi a irin gudun da 504 ke yi. Farashin wannan hanya shi ne kulawa a kai a kai, da kuma samun bakaniken da ya san aikin.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara wa kwantak mataimaki, wato ɗan akwatin laturoni da ake ɗaurawa a gefen inji. A tsarin asali wutar da ta kai kusan amfiya huɗu ce ke ratsa bakin kwantak, ita ke ƙona shi. Idan aka sa akwatin, shi ne zai ɗauki wannan nauyi, kwantak ya koma mai ba da ishara kawai. Bakinsa zai daɗe ƙwarai, sai dai robar da ke gogar sanda za ta ci gaba da cinyewa, don haka duba tazara bai ƙare ba. Amfaninsa babba shi ne idan akwatin ya mutu, sauya wayoyi biyu ko uku ya isa a koma tsarin da.

Hanya ta uku, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce a cire kwantak da kwandansa a dasa ƙaramar na'urar laturoni a gurbinsu, a ƙarƙashin murfin distiributa ta asali. Kanikawa na kiran ta modul. Iri biyu aka fi sani. Akwai mai aiki da maganaɗisu, irin ta kamfanin Pertronix na Amurka, inda ake sa wa sandar distiributa zobe mai ɗauke da maganaɗisu huɗu, na'urar kuma ta riƙa jin wucewarsu. Akwai kuma mai aiki da haske, irin ta Lumenition ta Ingila, inda wata farfela ke katse haske tsakanin 'yar fitila da idon da ke kallonta. A duka biyun babu abin da ke gogar wani, saboda haka lokacin wuta ba ya gocewa da tafiya. Mai maganaɗisu ba ta damu da ƙura ba, ita kuwa mai haske tana son tsabta, abin lura ga wanda motarsa za ta sha ƙurar hunturu. Sharaɗi a nan shi ne na'urar ta dace da sunan kamfani da lambar distiributar da ke kan motar, domin wadda aka yi wa Ducellier ba ta zama a cikin SEV Marchal.

Hanya ta huɗu ta gida ce. Peugeot 505 ta gaji injin 504, kuma wasu daga cikin na baya-bayanta sun zo da distiributa marar kwantak tun daga masana'anta. Ana iya cin karo da irinta a kasuwannin kayan gyara kamar Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano ko Nkwo a Nnewi. Kayan Peugeot ne, an yi su domin zafin wannan inji, kuma da naira ake saye. Sai dai dole a ɗauko ta tare da modul ɗinta da kwil ɗinta, a kuma tabbatar cewa tsarin gabatar da wutarta ya yi daidai da injin da za a ɗora wa. Ita ma tsohuwa ce, tana iya zuwa da nata ciwon.

Hanya ta biyar ita ce sabuwar distiributa ɗungurungum wadda babu ƙarafa masu nauyi ko sifirin a cikinta, irin waɗanda kamfanin 123ignition na ƙasar Holan ke ƙerawa domin tsofaffin motoci. Kwamfuta ce ƙarama ke lissafa lokacin wuta a cikinta, kuma wasu samfuran ana daidaita su da wayar hannu. Ita kaɗai ce a jerin nan ke magance tsufan distiributa gaba ɗaya. Ita ce kuma mafi tsada, da kuɗin waje ake sayen ta, ga kuɗin jigila da na kwastan, kuma tun bayan da aka saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin 2023 irin wannan saye ya ƙara nauyi a kan mai albashi. Kafin a biya, sai an tabbatar akwai samfurin da ya dace da injin.

Akwai kuma akwatunan da ake tallatawa da sunan ƙarin ƙarfi, irin na MSD, masu harba tartsatsi da yawa a jere idan inji na ƙaramin gudu. An yi su ne domin injinan tsere da aka sauya wa ciki. Fijon da za ta kai iyali ɗaurin aure a Zariya ba ta da abin yi da su.

Abin da modul ba ya warkarwa

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar modul a matsayin maganin kowace cuta. Abin da yake maye gurbinsa kawai shi ne kwantak da kwandansa. Sauran distiributar na nan da shekarunta arba'in ko hamsin. Idan bushin ɗin sanda ya cinye har sandar na rawa, wutar silinda huɗun ba za ta zo a kan lokaci ɗaya ba. Idan sifirin ya saki, wuta za ta yi sammako fiye da kima tun inji na ƙaramin gudu. Idan tsatsa ta kama ƙarafan nan biyu, ba za ta gabata ba sam, motar ta yi nauyi a hanya kamar an ɗaure ta. Idan tantanin roba ya fashe, mai zai riƙa tafiya a banza, iska kuma ta riƙa shiga kafireta ta ɓarauniyar hanya.

Gwajin waɗannan abubuwa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A cire murfi a kama sanda a girgiza ta gefe da gefe, bai kamata a ji tana motsi ba. A murɗa rota da yatsa a sake ta, ya kamata ta juya kaɗan ta dawo da kanta. A zuƙi bututun da ke zuwa gwangwanin gefe, farantin da ke ciki ya motsa ya kuma tsaya muddin ba a saki iskar ba. Distiributar da ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje gyara take nema kafin a yi maganar modul, in ba haka ba an yi gini a kan rairayi.

Bayan an ɗora kowace irin na'ura, dole a sake saita taimin da fitilar duba taimin, bisa adadin digirin da littafin motar ya faɗa, domin adadin ya bambanta tsakanin inji da inji. Al'adar saita taimin da kunne, a riƙa murɗa distiributa har inji ya yi ƙara mai daɗi, yawanci tana ƙarewa ne da wuta mai sammako fiye da kima. A gareji injin zai yi kamar ya samu sabon jini. A hawan tudu da kaya, a cikin zafin watan Maris ko Afrilu, sai a fara jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙara alama ce ta cewa mai na fashewa a cikin silinda ba bisa tsari ba, kuma idan aka daɗe a haka tana iya fasa zoben fistin ko ta huda kansa.

Kwil da wayoyi, inda kuɗi ke ƙonewa

Yawancin modul ɗin da suka mutu tun suna sababbi, abin da ke kewaye da su ne ya kashe su. Na farko shi ne kwil. Kowane kwil yana da adadin turjiyar da yake yi wa wuta, wadda ake aunawa da om. Na tsarin kwantak mai bolt 12 yawanci yana da kusan om 3, wato wutar da ke ratsa shi ba ta wuce amfiya huɗu ba. Na motocin zamani kuwa yana iya zama ƙasa da om ɗaya. Idan aka ɗauko mai om 0.6 aka jona wa modul ɗin da aka yi domin mai om 3, wutar da zai nemi ja za ta kai amfiya ashirin, kuma na'urar ba za ta jure ba. Ƙaramar mitar da kowane mai wayarin ke da ita ta isa ta raba wannan gardama cikin minti ɗaya. Kalmomin da ake rubutawa a jikin kwali, irin su bolt dubu arba'in, ba sa ƙara wa inji komai, domin filogi yana jan iya abin da yake buƙata ne kawai don tsallaka tazararsa.

Na biyu shi ne wasu ɗabi'u da tsarin kwantak ke yafewa amma laturoni ba ya yafewa. Barin makulli a buɗe inji na kashe, ana sauraron rediyo ko ana jiran wani a ƙofar sakatariya, yana iya dafa wasu nau'o'in modul tare da kwil. Cire kan batir inji na aiki domin a gwada ko caji na shiga, abin da ake yawan yi a bakin hanya, yana sakin wuta mai ƙarfi da ke kashe kayan laturoni nan take. Haka juya kan waya a lokacin da ake jona batir da na wata mota, haka kuma yin walda a jikin mota ba tare da an cire na'urar ba. Kafin a ɗora modul ya kamata a auna cajin motar, wanda ya dace ya tsaya a kusan bolt 14 inji na aiki, a kuma tabbatar wayar da ke haɗa inji da jikin mota ba ta ci tsatsa ba.

Na uku shi ne wayoyin filogi. Tsofaffi masu zallar tagulla a ciki suna watsa hayaniyar lantarki da ke rikita wasu na'urorin, musamman masu kwamfuta. Takardar da ta zo da na'urar tana faɗin irin wayar da take so. Murfin distiributa mai tsaga da rota mai ƙonannen baki su ma a canza su, domin wuta mai ƙarfi ta fi saurin samun hanyar zurarewa, musamman da damina idan laima ta shiga.

Lissafin mai da batun gas

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga baya. Ba mamaki tambayar farko da mai mota ke yi ita ce ko laturoni zai rage shan mai. Amsar ita ce zai hana ƙarin shan da gocewar kwantak ke jawowa. Wanda ya ga babban bambanci bayan sauyi, to tsohon tsarinsa ne ya daɗe da lalacewa. Injin da aka ƙera a shekarun 1960 mai kafireta ba zai koma shan mai irin na ƙananan motocin yau ba, ko da wace na'ura aka sa masa.

Inda laturoni ke da hujja mai ƙarfi shi ne wurin wanda ke tunanin mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman domin yaɗa ta a 2023. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana buƙatar tartsatsi mai ƙarfi, kuma yana ci a hankali, don haka yana son wuta ta ƙara sammako. Taimin da ya dace da gas ya yi wa fetur yawa, wanda ya dace da fetur kuma ya yi wa gas kaɗan. Wasu daga cikin distiributoci masu kwamfuta suna iya riƙe tsari biyu a sauya tsakaninsu, kuma masu haɗa gas suna da na'urar da ke yin irin wannan aiki. Sai dai wanda burinsa shi ne adana motar a kan asalinta ya kamata ya yi nazari kafin a huda but a ɗaure tukunyar gas, domin wannan sauyi ba ya komawa cikin sauƙi.

Wa zai gyara ta a hanya?

Tambayar da ta fi kowace nauyi ba ta cikin takardun talla. Kwantak yana ba da sanarwa kafin ya mutu, inji ya yi kwanaki yana tari, kuma ko ya tsaya a hanya, sukudireba da 'yar takardar goge ƙarfe sun isa su kai mota gari na gaba. Modul yana iya shekaru bai nemi komai ba, amma ranar da ya mutu ɗif yake ɗaukewa, kuma ba a buɗe shi a gyara. A biranen Turai mai mota zai kira motar ja, a aiko masa da sabo cikin kwana biyu. A tsakanin Abuja da Lokoja, ko a kan hanyar Kaduna bayan magariba, tsayuwar mota lamari ne da ya shafi lafiyar mutanen da ke cikinta.

Saboda haka zaɓin ya rataya ne a kan rayuwar da motar za ta yi. Wadda za ta fito ranar Juma'a ko lokacin biki kawai, ba ta cika kilomita dubu biyu ko uku a shekara ba, kwantak mai kyau zai yi mata shekaru, kuma duk wanda ya ɗaga bonet zai ga abin da Kaduna ta harhaɗa. Wadda za ta riƙa zirga-zirga tsakanin Lugbe ko Nyanya da sakatariyar tarayya, tana tsayuwa a cunkoso kullum, ta fi dacewa da modul a cikin distiributar da aka gyara, ko kuma ta 505 idan an samu mai lafiya. Wadda distiributarta ta wuce gyara, ko wadda za a haɗa wa gas, ita ce ke da hujjar kashe kuɗin sabuwa mai kwamfuta.

Ko wace hanya aka bi, masu daɗewa a wannan harka suna kiyaye ƙa'ida guda: kada a yi sauyin da ba zai koma ba. Kada a yanke wayoyin asali, kada a huda jikin distiributa, kada kuma a bar wa yaron gareji tsofaffin kayan da aka cire. Farantin kwantak da sukurorinsa da kwandansa mai kyau duk suna shiga cikin ƙaramin gwangwani su zauna a but kusa da safaya. Wanda ya samu hali ya ajiye distiributa ta biyu cikakkiya, an riga an saita ta an yi mata alama, domin ɗora ta a bakin hanya aikin 'yan mintuna ne. A cikin gwangwanin kuma a sa 'yar takarda mai ɗauke da sunan na'urar da aka ɗora, da om ɗin kwil, da digirin taimin, da ranar da aka yi aikin, domin bakaniken da zai buɗe bonet ɗin a wani gari, ko ɗan da zai gaji motar, ya san abin da ke ƙarƙashin murfin kafin ya taɓa waya ko ɗaya.